Fashin Baƙi: Shin Ciwon Tayirod Yana Iya Sa Gwajin Jini Ya Nuna Zuciya Ta Taɓu?

Mutumin da aka ɗebi jininsa aka ga sinadaran da likitoci ke kira alamun taɓuwar zuciya sun haura, shin lallai jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, ko kuwa asalin matsalar yana iya kasancewa a wuya, a 'yar gaɓar nan da ake kira tayirod? Tambayar ta yawaita tun da ɗakunan gwaji masu zaman kansu suka cika biranenmu, kuma mutane suka saba da ɗaukar hoton takardar sakamako su tura wa wani ɗan'uwa mai aikin asibiti ta WhatsApp. Sai ka ga an zagaye layi ɗaya da jan biro, wurin da na'ura ta buga harafin H, alamar adadi ya haura, a gefen CK-MB ko turoponin, biyu daga cikin waɗannan sinadarai, gida kuwa ya kaure da salati tun kafin likita ya ce uffan. A ɗaya gefen kuma akwai masu maƙoƙo da suka taɓa jin cewa ciwon nasu yana ɗaga waɗannan sinadarai, don haka duk ciwon ƙirjin da ya taso musu sai su ce aikin maƙoƙo ne, su sha ruwan ɗumi su kwanta. Dukkansu sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun shi ne wanda yake kai mutum kabari.

Akwai wata sarƙaƙiya a harshenmu da ya kamata a warware tun farko. Kalmar bugun zuciya tana nufin harbawar da zuciya ke yi a kowace daƙiƙa, tana kuma nufin ciwon nan mai kisa da ake sanarwa a rediyo cewa wane ya rasu sakamakonsa. A wannan bayani, duk inda ake nufin ciwon, za a ce toshewar jijiyar zuciya, domin abin da ke faruwa ke nan: gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya, ɓangaren da ya rasa jini ya fara mutuwa.

Me waɗannan sinadarai suke faɗa, me kuma ba sa faɗa?

A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai sinadaran da wurin zamansu ciki ne, ba su da abin yi a cikin jini. Idan ƙwayar ta ji rauni ko ta mutu, sai su tsiyayo kamar yadda hatsi ke zuba daga buhun da ya huje, kuma wannan tsiyayar ce ake aunawa. Likitoci sun fara amfani da wannan dabara a 1954 da sinadarin AST, daga baya aka koma ga LDH da CK, sannan a shekarun 1970 aka gano cewa wani reshe na CK mai suna CK-MB ya fi yawa a zuciya. Matsalar dukkansu ita ce ba zuciya kaɗai ke da su ba. Hanta tana da AST, jajayen ƙwayoyin jini suna da LDH, tsokar cinya da ta damtse kuwa cike suke da CK, har ma da ɗan CK-MB kaɗan.

Turoponin ne ya sauya lamarin. Masanin Japan Setsuro Ebashi ne ya gano shi a tsakiyar shekarun 1960, a matsayin sinadarin da ke ba tsoka damar tsukewa idan kalsiyam ya iso. A ƙarshen shekarun 1980 likitan zuciya Hugo Katus na Heidelberg a Jamus ya samar da hanyar auna nau'in da ke cikin zuciya, kuma a shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka amince cewa shi ne ma'aunin da za a fifita. Yakan fara haurawa cikin 'yan sa'o'i bayan toshewar jijiya, yana kuma iya daɗewa a jini har kusan mako biyu, alhali CK-MB yakan koma daidai cikin kwana biyu zuwa uku.

Sai dai ko turoponin ɗin ma abu ɗaya kawai yake faɗa, wato tsokar zuciya ta ji rauni. Bai faɗin dalili. Ciwon ƙoda, da zazzaɓin da ƙwayoyin cuta suka shiga jini, da gudan jini a huhu, da gazawar zuciya, har ma da gudun yada ƙanin wani, duk suna iya ɗaga shi. Shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya da aka sabunta a 2018 ta raba tsakanin raunin tsokar zuciya da toshewar jijiya: ba a yanke hukuncin toshewa sai an ga adadin yana hawa ko yana sauka tsakanin gwaji da gwaji, sannan a haɗa da wata shaidar, kamar irin ciwon ƙirjin ko sauyin da aka gani a gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke harbawa. Takarda ɗaya tal, ta gwaji ɗaya tal, ba ta isa hujja ba.

Abin da ya haɗa wuya da ƙirji

Tayirod tana kwance a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta kuma bai cika wuce giram 25 ba a jikin baligi. Tana ɗaukar aidin daga abinci ta sarrafa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda su ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Mai ba ta umarni wata 'yar gaɓa ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke aiko da sinadarin TSH. A nan mutane da yawa ke ruɗewa da takardarsu, domin lissafin a juye yake: idan tayirod ta yi sanyi, TSH hawa yake yi, kamar mai tsawa wa jakin da ya ƙi tafiya, idan kuwa ta wuce gona da iri, sai ya faɗi ƙasa. A mafi yawan ɗakunan gwaji, adadin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 0.4 da 4.0 ne ko kusa da haka.

Zuciya tana cikin gaɓoɓin da suka fi jin T3. Shi ke ƙara yawan harbawarta da ƙarfin matsawarta da saurin sakewarta, shi ne kuma ke sassauta ƙananan jijiyoyin jini a sauran jiki. Idan ya yi yawa, jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya yana iya ninkawa; idan ya yi ƙaranci, yana iya raguwa da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Wannan dangantaka ba sabon ilimi ba ce. Caleb Parry, likita a garin Bath na Ingila, ya ga mace mai kumburin wuya da bugawar zuciya mai tsanani tun a 1786, kuma da ciwon zuciya ya danganta abin, shekaru da yawa kafin Robert Graves na Dublin ya bayyana wannan cuta ta yawan aikin tayirod a 1835 har ta ɗauki sunansa.

Idan tayirod ta yi sanyi: kama da wane ba ta wane

A ɗauki misalin mace mai shekara hamsin da 'yan kai. Cikin zafin watan Afrilu ita kaɗai ce ke lulluɓe da mayafi mai kauri, fuskarta ta ɗan kumbura musamman ƙasan idanu, muryarta ta yi kauri, fatarta ta bushe ko an shafa man kaɗe, ba ta samun bayan gida sai bayan kwanaki, kuma idan ta zauna a kan tabarma sai ta dafa bango kafin ta miƙe saboda cinyoyinta sun yi nauyi. Wata rana ta ji ƙirjinta ya ɗaure, aka kai ta asibiti. An auna harbawar zuciyarta aka samu hamsin da 'yan kai a minti, ECG ya nuna wasu sauye-sauye, CK ya ninka abin da aka saba sau da yawa, CK-MB da AST da LDH duk sun haura, kitsen jini ma ya yi yawa. Duk wanda ya kalli wannan takarda ba tare da ya kalli matar ba, toshewar jijiya zai ce.

Abin da ke faruwa a jikin mafi yawan irin waɗannan marasa lafiya daban ne. Ƙarancin sinadarin tayirod yana raunana tsokar jiki, bangon ƙwayoyinta ya riƙa yoyo, sannan jikin da komai nasa ya yi sanyi ba ya kwashe CK daga jini da saurin da ya saba. Saboda haka CK ɗin daga cinya da kafaɗa yake fitowa, kuma tun da tsokar jiki tana ɗauke da ɗan CK-MB, idan jimlar ta yi yawa shi ma sai ya bi sahu. Likitan Jamus Johann Hoffmann ya bayyana wannan ciwon tsoka tun a 1897. Abin da ke raba gardama shi ne turoponin, musamman nau'insa da ake kira turoponin I, wanda a galibin masu wannan matsala yakan tsaya daidai duk da hawan CK. Alama ta biyu ita ce tsayuwar adadin wuri ɗaya: na toshewar jijiya yakan hau ya sauka cikin kwanaki, na tayirod kuwa yakan zauna makonni, ba ya sauka sai an fara magani.

Amma kada a fahimci wannan a matsayin cewa zuciyar mai sanyin tayirod lafiyarta ƙalau. Ciwon idan ya daɗe yana ɗaga mugun kitsen jini, yana ɗaga lamba ta ƙasa ta awon hawan jini, yana iya tara ruwa a jakar da ke lulluɓe da zuciya, kuma duk waɗannan suna share wa toshewar gaske hanya. A mawuyacin hali turoponin ɗin kansa yana iya hawa. Wani abin da ke damuna shi ne yadda ake gaggawar ba irin wannan mata maganin rage kitsen jini na dangin sitatin ba tare da an auna TSH ba, alhali maganin yana ƙara haɗarin ciwon tsoka ga wanda tayirod ɗinsa ta yi sanyi, kuma kitsen da ake yaƙa yana iya sauka da kansa idan an gyara tushen.

Idan ta wuce gona da iri: nan raunin na gaske ne

Mai wannan matsala kishiyar mai sanyin tayirod ne. Yana ci kamar gara amma yana ramewa, gumi yake yi ko da sanyin hunturu, barci ya ƙaurace masa, idan ya ɗauki kofin shayi sai ka ji cokali yana kaɗawa a ciki, kuma ko a kwance yake zuciyarsa tana wuce ɗari a minti. Sau da yawa a gida ana fassara abin da fargaba, ko damuwa, ko ma iska, kafin a tuna da wuya.

Zuciya tana samun mafi yawan abincinta ne a ɗan lokacin da take sakewa tsakanin harbawa da harbawa. Idan gudunta ya ƙaru, wannan ɗan lokacin ne ke gajarcewa, a daidai sa'ar da buƙatarta ta iskar oksijin ta ƙaru. Wanda jijiyoyinsa suka riga suka ɗan tsuke saboda shekaru ko ciwon suga ko hawan jini, sai tsokar zuciyarsa ta shiga yunwa ko da babu gudan jinin da ya toshe komai, turoponin kuma ya tsiyayo. Likitoci suna kiran wannan nau'i na biyu na ciwon, wato wanda buƙata ta fi abin da ake kawowa. A wasu mutanen kuma, har da mata masu ƙuruciya waɗanda jijiyoyinsu ke garau, yawan sinadarin yana sa jijiyar ta shaƙe kanta na ɗan lokaci. A nan hawan turoponin ba ruɗin takarda ba ne, rauni ne na haƙiƙa, ko da yake maganinsa yana farawa ne daga kwantar da tayirod da rage gudun zuciya.

Babbar barazanar ita ce rikicewar bugu, inda ɗakunan sama na zuciya ke daina matsawa da tsari su koma karkarwa. Kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu wannan ciwo suna gamuwa da ita, tsofaffi kuma sun fi. Jini yana iya daskarewa a ɗakin da ke karkarwa, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Wani rahoto daga binciken Framingham na Amurka da aka wallafa a 1994 ya nuna cewa 'yan shekara 60 zuwa sama waɗanda TSH ɗinsu ya faɗi ƙasa ƙwarai sun ninka sauran sau uku wajen haɗarin wannan rikicewa cikin shekara goma. Akwai kuma sinadarin NT-proBNP, wanda ake aunawa don gane gazawar zuciya. Shi ma yawan T3 yana ɗaga shi, don haka dole a karanta shi da lura. CK da kitsen jini kuwa a nan sukan yi ƙasa ne, abin da ke iya sa mutum ya ɗauka lafiya ce ta samu.

Wani lokaci zuciya ce ke taɓa tayirod

Hanyar ba ɗaya ba ce. Bayan toshewar jijiya mai tsanani, ko gazawar zuciya, ko tiyatar buɗe ƙirji, T3 yakan sauka a jini alhali tayirod ɗin ba abin da ya same ta, kuma gwargwadon girman raunin, gwargwadon saukar. Wani bincike da aka yi a Italiya kan masu ciwon zuciya 573, aka wallafa a 2003, ya gano cewa waɗanda T3 ɗinsu ya yi ƙasa sun fi sauran fuskantar mutuwa. Darasin da ke ciki ga majinyata shi ne, gwajin tayirod da aka yi wa mutum yana kwance rai a hannun Allah ba abin dogaro ba ne sosai, sai an maimaita shi bayan ya murmure da wasu makonni.

Magungunan zuciya ma suna da nasu hannu. Amiyodaron, wanda ake bayarwa don daidaita bugu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa aidin ne, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana sakar wa jiki kusan ninki arba'in na maikurogiram 150 da baligi ke buƙata a rana. Yana iya sanyaya tayirod, yana kuma iya tunzura ta, kuma yakan yi watanni a jiki bayan an daina shan sa. Haka ruwan da ake ɗura wa jijiya lokacin ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya, shi ma cike yake da aidin. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin duk da cewa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, har yanzu akwai dattawan da suka girma kafin nan suna ɗauke da tsohon maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli. Irin wannan maƙoƙo idan ya samu aidin mai yawa farat ɗaya yana iya tashi da aiki babu birki, kamar yadda aka gani a Zimbabuwe a shekarun 1990 bayan an fara sa aidin a gishiri. Mai maƙoƙo da za a yi wa irin wannan hoto ko a ba shi wannan magani, wajibi ne likita ya san da maƙoƙon.

Inda masana suka rabu

Babu saɓani a kan yi wa ciwon da ya bayyana sarai magani. Gardamar tana kan mutanen da TSH ɗinsu ya ɗan haura amma T4 yana daidai. Masu cewa a yi magani suna kafa hujja da wani nazari na 2010 da ya tattara bayanan mutum fiye da 55,000, wanda ya nuna ƙaruwar ciwon jijiyoyin zuciya musamman ga waɗanda TSH ɗinsu ya kai 10 ko ya wuce. Masu cewa a dakata kuwa suna nuni da wani binciken gwada magani mai suna TRUST na 2017, inda aka raba tsofaffi 737 'yan shekara 65 zuwa sama gida biyu, aka ba wasu lebotayiroksin, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, ba a kuma ga sun fi sauran samun sauƙin gajiya ko sauran alamu ba. Wani gwajin a Ingila a 2020, kan mutum 95 da suka yi toshewar jijiya tare da wannan ɗan hawan TSH, shi ma bai nuna maganin ya ƙara wa zuciya ƙarfi bayan shekara guda ba.

A ganina, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi game da tsofaffi da ƙaramin hawa, ta farko kuma ta fi ƙarfi idan adadin ya kai goma ko mutumin yana da sauran ƙuruciya. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, ganin abubuwa biyu suna tafiya tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, kuma maganin da aka zarce da shi yana jefa tsoho cikin rikicewar bugun da ake gudu, a guji gara a faɗa gidan zago. Shi ya sa mai ciwon zuciya ko mai yawan shekaru ake fara masa da ɗan kaɗan, a sake auna TSH bayan mako shida zuwa takwas kafin a ƙara.

Ƙwayar gyaran gashi da ke ruɗa na'ura

Akwai hanya ta uku da gwaje-gwajen biyu ke haɗuwa, kuma ita ba a jiki take ba, a ɗakin gwaji take. Bayotin bitamin ne da ake sayarwa don tsawon gashi da ƙarfin farce da kyan fata, kuma ya shiga cikin kayan gyaran jiki da ake tallata wa mata da amare a intanet. Jiki yana buƙatar kimanin maikurogiram 30 ne kacal a rana, amma ƙwayoyin da ake sayarwa sukan ƙunshi 5,000 ko 10,000. Na'urori da dama suna amfani da bayotin a cikin hanyar aunawarsu, don haka idan ya yi yawa a jini sai lissafi ya karkace: TSH ya fito ƙasa, T4 ya fito sama, lafiyayyiya ta zama kamar mai cutar Graves a takarda. Mafi muni, turoponin yana iya fitowa ƙasa alhali zuciya tana mutuwa. A watan Nuwamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan haka, ta kuma ambaci rahoton mutuwar wani majinyaci da aka danganta da irin wannan sakamako. Wasu kamfanonin sun gyara na'urorinsu tun daga lokacin, amma mara lafiya ba shi da hanyar sanin wace iri ce a ɗakin da ya je. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin gwajin tayirod. A halin gaggawa kuwa ba a jira, sai dai a gaya wa likita ana shan sa.

Yadda abin ya shafi talaka

Gwajin turoponin ba kowane asibiti ke da shi ba, inda yake kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, balle a ce a yi shi sau biyu a yini ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Wannan ne ya sa har yanzu wurare da yawa suke dogaro da CK da CK-MB da AST, wato daidai sinadaran da sanyin tayirod ya fi ruɗarwa. Sakamakon shi ne iyali su sayar da akuya ko su ci bashi don magungunan tsinka jini da na kitse da za a sha shekara da shekaru, alhali gwajin TSH guda ɗaya zai iya nuna inda gizo ke saƙar. Duk wanda CK ɗinsa ya ƙi sauka, ko kitsen jininsa ya ƙi jin magani, ko aka gano masa rikicewar bugu ko gazawar zuciya a karon farko, yana da haƙƙin ya tambayi likita ko an duba tayirod.

Masu jego suna buƙatar kulawa ta musamman a wannan batu. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kanta, kuma a shekarar farko ta bayan haihuwa ne wasu mata, kimanin biyar cikin ɗari, ke samun kumburin tayirod da ke farawa da yawan aiki ya koma sanyi. Faɗuwar gaba da gajiya da haki suna iya fitowa daga ko wannensu, ko daga ƙarancin jini, kuma ba a raba su da ido. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, asibiti ne wurinta a ranar, ba a jira arba'in ba.

Haka kuma ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, wanda ke tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi mai sanyi ko ƙarancin numfashi, ana ɗaukar sa a matsayin toshewar jijiya har sai an tabbatar ba ita ba ce, ko mutum yana da maƙoƙo ko ba shi da shi, domin tsokar da ta mutu cikin sa'o'in farko ba ta dawowa. Wanda zai raka mara lafiya ya haɗa duk kwalayen magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gyaran jiki da na rage ƙiba, tare da tsoffin takardun gwaji, ya miƙa wa likita tun a ɗakin karɓar gaggawa.